Arisɗo: Rayuwarsa, Koyarwarsa da Gadon Manɗiƙinsa a Zaurukan Malaman Sakkwato

Tsakure

Arisɗo, masanin Girka da ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin Miladiyya, shi ne ya fara tsara ƙa'idojin kafa hujja a matsayin fanni mai cin gashin kansa, wato manɗiƙ. Wannan takarda ta bi rayuwarsa da jigon koyarwarsa, sannan ta bi sawun gadonsa daga Atina zuwa Bagadaza, Tilimsan, Timbuktu, Kano da Katsina, har zuwa Sakkwato ta ƙarni na 19. Matsayar takardar ita ce malaman wannan yanki sun raba gadon gida biyu. Sun riƙe manɗiƙ a matsayin ma'auni, sun ajiye ra'ayoyinsa da suka saɓa wa aƙida, kuma da ma'aunin nasa suka rushe mafi girma daga cikin waɗannan ra'ayoyi.

1.0 Gabatarwa

Arisɗo, wanda 'yan boko suka fi sani da Aristotil, shi ne na uku a jerin masanan da ake jingina falsafar Girka gare su. Suƙuraɗu ya koyar da Aflaɗon, Aflaɗon ya koyar da Arisɗo, shi kuma ya bar rubuce-rubuce a kan kusan kowane fanni da aka sani a zamaninsa: hujja, halittu, sararin samaniya, ruhi, ɗabi'a, mulki, balaga da waƙa. Masana falsafa na duniyar Musulmi sun yi masa laƙabi da Malami na Farko, saboda shi ya fara shimfiɗa ƙa'idojin da ake bambanta ingantacciyar hujja da gurɓatacciya.

Ba kasafai ake jin sunansa a zauren karatu na ƙasar Hausa ba. Duk da haka, ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani, ya wuce Ahalari da Ishmawi da Risala, ya kai ga biya manyan littattafan tauhidi da usulu, zai yi ta cin karo da jauhari da arali, jinsi da nau'i, muƙaddima da natija. Kalmomin Larabci ne a baki, amma ma'anonin da suke ɗauke da su an fara tsara su a Atina fiye da shekara 2,300 da suka wuce.

2.0 Rayuwarsa

An haifi Arisɗo a 384 kafin Miladiyya a Istagira, wani ƙaramin gari a arewacin Girka. Mahaifinsa, Nikomakus, likita ne a fadar Amintas na Uku, sarkin Makidoniya. Iyayensa sun rasu yana yaro, ya tashi a hannun wani mai riƙo. Da ya kai shekara 17 aka tura shi Atina, ya shiga Akademiya, makarantar Aflaɗon, inda ya yi shekara 20, daga ɗalibi har ya zama mai koyarwa.

Da Aflaɗon ya rasu a 347, shugabancin makarantar ya koma hannun ɗan 'yar'uwarsa, Arisɗo kuma ya bar Atina. Ya zauna a Assos, a gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau, ƙarƙashin kulawar wani mai mulki da ake kira Hamiyas, ya auri Fitiyas daga gidansa. Daga nan ya ƙetara tsibirin Lesbos tare da abokinsa kuma ɗalibinsa Tiyofarastus. A can ya duƙufa ga nazarin kifaye da sauran halittun ruwa, yana feɗe su yana rubuta abin da ya gani.

A 343 Sarki Filibus na Biyu ya kira shi Makidoniya ya koyar da ɗansa Iskandar, wanda yake ɗan shekara 13 a lokacin, wanda daga baya ya ci ƙasashe daga Masar har zuwa bakin Indiya. A 335 Arisɗo ya koma Atina ya buɗe tasa makaranta a wani fili da ake kira Lisiyum. Da yake baƙo ne a birnin, doka ba ta ba shi damar mallakar fili ba. Makarantar tana da wata rumfa da ake zagayawa a cikinta ana tattaunawa, daga nan mabiyansa suka samo sunan da Larabawa suka fassara da Masha'una, wato masu tattaki. Shekara 12 da ya yi a nan su ne lokacin da ya tara littattafai, ya raba wa ɗalibai ayyukan bincike, ya tsara darussan da suka zama littattafansa.

Iskandar ya rasu a 323, mutanen Atina suka taso wa duk mai alaƙa da Makidoniya. Aka tuhumi Arisɗo da rashin girmama allolin gari, irin tuhumar da aka kashe Suƙuraɗu a kanta a 399. Ya yi ƙaura zuwa Kalkis, garin dangin mahaifiyarsa, ya rasu a can a 322 yana da shekara 62. A wasiyyarsa ya nemi a binne shi kusa da ƙasusuwan matarsa Fitiyas, kuma a 'yanta wasu daga cikin bayinsa.

Littattafan da ya rubuta domin jama'a sun salwanta, sai guntaye. Abin da ya rage, kimanin littafi 30, yawanci takardun darasi ne, shi ya sa salonsu yake a dunƙule, yana buƙatar sharhi. Wani malami mai suna Andaronikus ne ya tattara su ya jera a ƙarni na 1 kafin Miladiyya.

3.0 Koyarwarsa

3.1 Manɗiƙ

Littattafansa shida na manɗiƙ an haɗa su ƙarƙashin suna guda, Oganon, ma'ana kayan aiki. Da sunayensu na Larabci aka fi sanin su: Maƙulat, Ibara, Ƙiyas, Burhan, Jadal da Safsaɗa. Jerin yana tafiya daga kalma zuwa jumla, daga jumla zuwa hujja, daga hujja zuwa matakan ƙarfinta, ya ƙare da hanyoyin da ake yaudarar mai sauraro.

A Maƙulat ya nuna cewa duk abin da za a faɗa game da wani abu yana shiga ɗaya daga rukunai goma. Doki shi ne jauhari, wato abin da yake tsaye da kansa. Tsawonsa, launinsa, kasancewarsa ya fi jaki girma, zamansa a barga, da safe, a tsaye, da sirdi a bayansa, yana cin harawa, ana goge masa jiki, waɗannan tara duk arali ne, ba su da wurin zama sai a jikin dokin. Launi yana iya sauyawa doki yana nan, amma ba a taɓa ganin launi yana yawo shi kaɗai ba.

Ƙiyasi shi ne zuciyar fannin. Ana kawo muƙaddima biyu masu kalma guda da ta haɗa su, sai natija ta fito dole. Duk mai tuƙa yana cin ciyawa. Raƙumi mai tuƙa ne. Saboda haka raƙumi yana cin ciyawa. Kalmar "mai tuƙa" ita ce haddi na tsakiya, ita ta ƙulla raƙumi da cin ciyawa, sannan ta ɓace daga natija. Abin da Arisɗo ya gano shi ne ingancin hujja yana rataye da siffarta. Idan aka ce duk jaki yana da ƙafa huɗu, doki yana da ƙafa huɗu, saboda haka doki jaki ne, muƙaddimomin biyu gaskiya ne amma ƙullin ya lalace, domin masu ƙafa huɗu sun fi jakuna yawa. Don ya fito da siffar fili sai ya riƙa sa haruffa a madadin kalmomi, ya tantance shakali uku da hanyoyi 14 ingantattu a cikinsu. Shakali na huɗu daga baya aka ƙara shi.

Ƙarƙashin wannan duka akwai tushe guda: abu ba ya kasancewa kuma ya ƙi kasancewa a lokaci guda ta fuska guda. A Burhan kuma ya bayyana cewa ilmi tabbatacce sai an gina shi a kan muƙaddimomi na yaƙini, kuma mutum bai san abu ba sai ya san dalilin da ya sa yake haka.

3.2 Dalilai huɗu da mas'alar sauyi

Aflaɗon ya koyar da cewa haƙiƙanin abubuwa yana wata duniya ta siffofi marasa sauyawa, abin da ido ke gani inuwa ce kawai. Arisɗo ya saɓa masa. A wurinsa siffa tana cikin abin da ake taɓawa, kuma ilmi yana farawa daga gani da ji.

Ya ce ba a gama bayanin abu sai an amsa tambaya huɗu. Takalmin da baduku ya ɗinka da fatar jar akuyar Sakkwato ya isa misali. Fatar ita ce dalilin madda, wato abin da aka yi shi da shi. Yankan da ɗinkin da suka sa ya zama takalmi maimakon jaka su ne dalilin sura. Badukun shi ne dalili mai aikatawa. Kare ƙafa daga ƙaya da zafin rairayi shi ne dalilin manufa. Arisɗo ya ɗauki na ƙarshen da muhimmanci ƙwarai, har ya ga cewa gaɓoɓin dabba ma ba a fahimtar su sai an san aikin da suke yi.

Sauyi kuwa ya bayyana shi da fita daga yiwuwa zuwa tabbata. Ƙwayar gero zangarniya ce a yiwuwa, damina ce take fito da ita ta tabbata. Tunda duk mai motsi wani ne ya motsa shi, kuma jerin ba zai tafi ba iyaka, sai ya kai ga Mai Motsarwa na Farko wanda shi ba ya motsi, ba shi da jiki, ba ya sauyawa. Sai dai a koyarwarsa wannan Mai Motsarwa bai halicci duniya daga babu ba. Duniya da motsi da lokaci duk daɗaɗɗu ne, ba su da farko. Wannan ita ce mas'alar da ta fi kowace haɗa shi da malaman addinan da aka saukar.

3.3 Halittu da sararin samaniya

Kaso mai yawa na rubuce-rubucensa a kan dabbobi ne, inda ya ambaci nau'i kusan 500. Ya riƙa fasa ƙwan kaza rana bayan rana yana duban yadda ɗan tsako ke haɗuwa, ya ga ɗigon jini yana bugawa tun a kwanakin farko. Ya lura cewa dabbar ruwa dolfin tana shaƙar iska, tana haihuwa, tana shayarwa, don haka bai haɗa ta da kifi ba. Ya kafa hujja cewa ƙasa mulmulalliya ce da inuwarta mai lanƙwasa da ake gani a jikin wata lokacin husufi.

Ya kuma yi kurakurai da suka daɗe ana bi. Ya ɗauka ƙasa ce a tsakiyar sammai ba ta motsi, abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa gwargwadon nauyinsa, kuma aikin ƙwaƙwalwa shi ne sanyaya jini. Ya karɓi ra'ayin magabatansa cewa abubuwan duniya sun haɗu daga ƙasa, ruwa, iska da wuta, ya danganta su da zafi, sanyi, danshi da bushewa. Waɗannan ɗabi'u huɗu sun zama ginshiƙi a littattafan ɗibbu na Larabci.

3.4 Ɗabi'a da mulki

A littafinsa na ɗabi'a da ake jingina wa sunan Nikomakus, ya ce abin da ɗan Adam ke nema domin kansa shi ne sa'ada, kuma ana samun ta ne ta rayuwar da ta dace da hankali da nagarta har ƙarshen rai. Nagarta ba a haifar mutum da ita, sabo ne ke kafa ta. Mai yin adalci yau da gobe shi ke zama adali, kamar yadda Bahaushe ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowace nagarta tana tsakanin lahani biyu: jarumta tsakanin tsoro da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. Tsakiyar ba ta awon mudu ba ce, mai hikimar aiki ne ke gane ta a kowane hali.

A fannin mulki ya ce mutum halitta ce da ba ta cika sai cikin al'umma. Makarantarsa ta tattara tsarin mulkin birane 158, amma na Atina kaɗai ya tsira, a wata tsohuwar takarda da aka samo a Masar aka buga a 1891. Ya raba mulki zuwa na mutum ɗaya, na 'yan kaɗan da na jama'a, ya ce kowanne yana gyaruwa idan an nufi amfanin kowa, yana ɓaci idan mai mulki ya nufi kansa. A littafinsa na siyasa ne kuma ya yi da'awar cewa wasu mutane bayi ne a ɗabi'arsu, kuma mace ba ta kai namiji cikar shawara ba. Waɗannan ra'ayoyi ne da ba su tsaya a kan irin muƙaddimomin yaƙini da shi kansa ya shar'anta ba.

4.0 Daga Girkanci zuwa Larabci

Kiristocin Sham ne suka fara juya wasu littattafansa zuwa Suryananci. A zamanin Abbasiyawa, musamman lokacin Halifa Ma'amun (813–833), aikin fassara ya bunƙasa a Bagadaza. Hunainu ɗan Ishaƙ (ya rasu 873), ɗansa Ishaƙ, da Abu Bishir Matta (ya rasu 940) suna cikin waɗanda suka mayar da littattafan Larabci. Larabawa sun ƙara littafinsa na balaga da na waƙa cikin Oganon, suka sa gabatarwar da Furfuriyus ya rubuta a ƙarni na 3 Miladiyya, Isaguji, a matsayin ƙofar shiga. Littafinsa na siyasa bai samu cikakkiyar fassara ba a wancan zamani. An kuma jingina masa littattafan da ba nasa ba, kamar Sirrul Asrar da Usulujiya, wanda asalinsa daga rubutun Aflutin ne.

Alkindi, Alfarabi (ya rasu 950) da ake kira Malami na Biyu, da Ibn Sina (ya rasu 1037) sun gina a kan wannan tushe. Ibn Sina ya sake fasalin manɗiƙ har ya zama littattafan baya sun fi bin sa fiye da Arisɗo kansa. Imam Gazali (ya rasu 1111) ne ya yanke hukuncin da ya yi tasiri har Afirka ta Yamma. A Tahafutul Falasifa ya ƙalubalanci masu falsafa a mas'ala 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya daɗaɗɗiya ce, cewa Allah bai san abubuwa ɗaiɗai ba, da musun tashin jikkuna. Amma ya ware manɗiƙ ya ce ma'auni ne da ba ruwansa da aƙida, ya rubuta Mi'iyarul Ilmi a kansa, ya kuma buɗe littafinsa na usulu, Almustasfa, da gabatarwar manɗiƙ. Ibn Rushd (ya rasu 1198) ya mayar masa da martani daga Andalus, sharhohinsa kuma suka shiga Latin suka zama abin karatu a jami'o'in Turai. Wasu malamai ba su amince da manɗiƙ ko kaɗan ba: Ibn Salah (ya rasu 1245) ya ba da fatawar haramta shi, Ibn Taimiyya (ya rasu 1328) ya rubuta raddi mai tsawo a kan masu shi.

5.0 Shigowarsa ƙasar Hausa

Ta Arewacin Afirka manɗiƙ ya ƙetaro Sahara, a cikin gajerun littattafai da baitocin hadda. Muhammad ɗan Yusuf Assanusi na Tilimsan (ya rasu 1490) ya rubuta Muhtasar a manɗiƙ, ya kuma gina littattafansa na aƙida, musamman Ummul Barahina, a kan hukuncin hankali guda uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Ɗan garinsu, Muhammad ɗan Abdulkarim Almagili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya ziyarci Katsina da Gao, ya yi waƙar manɗiƙ mai suna Minahul Wahhab, ya kuma yi mata sharhi.

Almagili ya yi musayar baitoci da Jalaluddin Assuyuɗi na Masar (ya rasu 1505), wanda yake ganin haramun ne shagala da manɗiƙ. Hujjar Almagili ita ce manɗiƙ hanya ce ta daidaita tunani, kuma gaskiya da dalilinta ake gane ta, ko daga bakin wa ta fito. Assuyuɗi ya amsa cikin girmamawa, ya tsaya a kan ra'ayinsa. Dukansu biyu suna da kima a ƙasar Hausa, domin Assuyuɗi ma ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Saɓanin nasu ya zama gado, har yau ana jin ɓangarorin biyu a bakin malamai.

A Timbuktu, Ahmad Baba (1556–1627) ya ambaci waƙar manɗiƙ ta Almagili cikin littattafan da ya karanta wurin malaminsa Muhammad Bagayogo. A wannan ƙarni na 16 ne Abdurrahman Al'ahdari na ƙasar Aljeriya ta yau ya tsara Sullamul Murauniƙ, baiti 140 da 'yan kai, a 941 Hijiriyya yana da shekara 21. Shi ne mai littafin fiƙihun nan da kowane ɗalibi ke farawa da shi, wanda Hausawa ke kira Ahalari. A cikin Sullam ya kawo saɓanin malamai, ya rinjayar da halaccin fannin ga mai lafiyayyen hankali da ya riga ya ƙware a Alƙur'ani da Sunna. Wannan sharaɗi shi ya sa manɗiƙ ya zama karatun manyan ɗalibai.

Ƙasar Hausa ta fitar da nata mawallafi. Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, Bakatsine masanin lissafi, ya yi waƙar manɗiƙ mai suna Manhul Ƙuddus da babban sharhinta, Izalatul Ubus. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin masanin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti, wanda ya rubuta tarihinsa.

6.0 Gadon a Sakkwato

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817) da ƙanensa Abdullahi sun tashi cikin wannan tsarin karatu. A Ida'un Nusuh, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta, Abdullahi ya ambaci littattafan tauhidi na Assanusi da sharhohinsu. A irin waɗannan littattafai ne ake ganin aikin manɗiƙ ƙarara. Malami yana zaune a kan buzu, ɗalibi ya karanto jumla da Larabci, malam ya fasa ta da Hausa ko Fulatanci: duniya mai sauyawa ce, duk mai sauyawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce. Daga nan a ɗora ƙiyasi na biyu: duk fararre yana buƙatar wanda ya farar da shi. Siffar hujjar ita ce shakali na farko na Arisɗo, "mai sauyawa" shi ne haddi na tsakiya, bayanin muƙaddimomin kuma ya dogara da rabon jauhari da arali. Natijar kuwa kishiyar ra'ayinsa ce a kan daɗewar duniya. Da wuƙar da ya wasa aka yanke da'awarsa.

Shehu ya sa wa wannan fanni iyaka. A zamaninsa akwai ɗaliban ilmin kalam da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin aƙida a tsarin malamai ba. Ya yi musu raddi a littattafai irin su Hisnul Afham, ya nuna cewa imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne, kuma tushen aƙida Alƙur'ani da Sunna ne. Hujjar hankali tana da wurinta wajen kare aƙida da warware shubuha, amma ba a mai da ita ƙofar shiga Musulunci.

Muhammadu Bello (1781–1837), wanda ya gina Sakkwato a 1809, ya nuna sha'awar ilmin mutanen farko a fili. Ya yi rubuce-rubuce a kan ɗibbu. Lokacin da Baturen Ingila Kilafaton ya zo karo na biyu a 1826, cikin kyautar da ya kawo akwai littafin lissafin Uƙulidus da Larabci. Kilafaton ya rubuta cewa Bello ya gaya masa gidansu ya taɓa mallakar kwafin littafin da wani ɗan'uwa ya samo a Makka, gobara ta cinye shi. Littafin Uƙulidus shi ne misali mafi bayyana na irin ilmin da Burhan ya siffanta, inda ake fitar da kowace natija daga tushen da aka riga aka tabbatar.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage shi ne Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa (1804–1864). Mahaifiyarsa Hadiza 'yar Shehu ce, mahaifinsa Malam Tafa kuma malami ne kuma marubucin Shehu. Wanda ya fita Sakkwato ta Ƙofar Kware, ɗaya daga ƙofofi takwas na ganuwar birnin, ya miƙi hanyar arewa, zai wuce Kware ya shiga ƙasar Gwadabawa ta yau, inda garin Salame yake. A can makarantar gidansu take, a can Ɗan Tafa ya koyar. Ya yi tarbiyyar sufanci a hannun kawunsa Muhammadu Sambo ɗan Shehu, ya kuma haɗa ilmin shari'a da fannonin mutanen farko. Bayan littafinsa na tarihi, Raulatul Afkar, ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya, inda ya auna ra'ayoyin masu jingina komai ga madda da ɗabi'a, da Kulliyyatul Alamis Sitta a kan tushen samuwar duniya, da Al'uhud wal Mawasiƙ. Bajamushe Hainrik Bat, wanda ya gana da shi a 1853, ya ɗauke shi a matsayin mafi ilmi cikin mutanen Sakkwato na wancan lokaci.

Falsafar Ɗan Tafa ta biyo ta hanyar sufaye irin su Ibn Arabi da Abdulkarim Aljili, waɗanda suka ɗauki kalmomin masu hikima suka zuba musu ma'anar tauhidi. Kalmar hayula da ake yawan gani a irin waɗannan littattafai daga Girkanci take, ita ce kalmar da Arisɗo ya yi amfani da ita ga madda, asalin ma'anarta kuwa itace. A wannan tafarki hankali yana da daraja da aiki, amma wahayi da buɗin da Allah ke yi wa bayinsa suna sama da shi.

7.0 Kammalawa

Arisɗo ya bar abu iri biyu: bayanai game da duniya, da hanyar auna bayani. Kashi na farko ya sha gyara. Galiliyo ya rushe ra'ayinsa a kan faɗuwar abubuwa a ƙarni na 17, malaman aƙida kuma sun riga sun yi watsi da daɗewar duniya tun kafin nan. Kashi na biyu ya daɗe yana aiki, har zuwa ƙarni na 19, lokacin da masana irin su Bajamushe Firege, a 1879, suka fito da manɗiƙin lissafi wanda ilmin kwamfuta ya ginu a kansa.

Abin da ya iso Sakkwato shi ne kashi na biyu, bayan ya bi ta hannun Ibn Sina, Gazali, Assanusi, Almagili da Al'ahdari, kowannensu ya tace ya ƙara. Malaman Daular Usmaniyya sun karɓe shi da sharaɗi, suka sa shi hidimar tauhidi da usulu, kuma a Salame aka samu wanda ya shiga tambayoyin falsafa kansu. Rubuce-rubucen wannan zamani suna ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da kuma hannun zuriyar malamai. Tace su, buga su da fassara su zuwa Hausa aiki ne da ya rataya a wuyan sassan Larabci, Hausa, tarihi da nazarin Musulunci na jami'o'in yankin, Jami'ar Usmanu Danfodiyo a kan gaba, domin ɗalibin falsafa na yau ya karanta Arisɗo tare da sanin malaman ƙasarsa da suka auna shi.